Lissafin Kanu da ba ya cikin waya

Wata Asabar da yamma, a wani gidan kallon ƙwallo da ke Tudun Wada a Gusau, an tafi hutun rabin lokaci, mai gidan ya kashe janareta don ya sha iska, sai musu ya kaure kamar yadda ya saba duk lokacin da allo ya yi baƙi. Wani dattijo mai sayar da kayan babur ya rantse cewa har gobe Najeriya ba ta sake haifar kamar Kanu ba. Ɗan yayata yana gefena yana ta latsa waya. Bayan Kanu ya bar Arsenal aka haife shi. Can sai ya miƙo mini wayar.

"Kawu, wai mi Kanun ga yay yi? Ga shi nan, wasa tamanin da wani abu yab buga ma Najeriya, ƙwallayen da yac ci ko goma sha biyar ba su kai ba. Osimhen ya wuce shi tun tuni."

Dattijon ya harare shi ya ce, "Yaro, lokacin da munka ga Kanu ko auren uwarka ba a yi ba." Aka kwashe da dariya, aka bar maganar. Amma dariya ba amsa ba ce, kuma yaron bai yi ƙarya ba. Tun ranar nake juya tambayar a raina: mutumin da ya ajiye takalmi tun 2012, ɗan Owerri, wanda babu wata alaƙa ta jini ko ta yare tsakaninsa da Zamfara, me ya sa sunansa ke tashi a majalisar Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara kamar jiya ya bar fili?

Bari mu fara ba yaro gaskiyarsa. In lissafin ƙwallaye za a bi, Nwankwo Kanu ba ya sahun gaba. Marigayi Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya 37. Yakubu Aiyegbeni ya ci 95 a gasar Firimiya ta Ingila, Kanu kuwa 54 ya ci duk da ya fi shi daɗewa a can. A Arsenal ya yi shekara biyar da rabi, ya buga wasa kusan 200, ya ci 44, alhali Thierry Henry a kakar 2003/2004 kaɗai ya zura 30 a gasar Firimiya. Ya je gasar cin kofin duniya sau uku, 1998 da 2002 da 2010, bai ci ko ɗaya ba. Ya je gasar kofin Afirka sau shida daga 2000 zuwa 2010, bai ɗaga kofin ba, kuma ana cikin wasa bai taɓa zura ƙwallo a gasar ba. Sama da sau 100 ya shigo wasan Firimiya daga benci. Wannan duk yana cikin waya, kuma babu wanda zai ƙaryata.

Masoyansa in an ƙure su sai su koma kan kofuna, kuma a nan ɗin jakarsa cike take. Kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, inda Najeriya ta doke Gana 2-1 a wasan ƙarshe. Kofin gasar Holan sau uku a jere tare da Ajax. Kofin Zakarun Turai a 1995. Lambar zinare ta Olamfik a 1996. Kofin UEFA da Inter Milan a 1998. Firimiya biyu da Arsenal, kofin FA biyu da Arsenal, na uku da Portsmouth. Gwarzon ɗan wasan Afirka a 1996 da 1999. Sai dai ni wannan hujja ba ta gamsar da ni gaba ɗaya, domin in aka buɗe jakar aka duba kowane kofi, za a ga wasunsu a bayan wasu ya tsaya aka ɗauki hoto. A wasan ƙarshe da AC Milan a Vienna a 1995, Finidi George ne ɗan Najeriyar da ya fara wasa, Kanu bayan an dawo hutu Louis van Gaal ya sako shi, Patrick Kluivert ne kuma ya ci ƙwallon. A Inter, wasa 12 kawai ya buga a gasar Italiya, ƙwallo ɗaya. A kakar da Arsenal ta gama Firimiya ba a doke ta ba, wasa 10 ya buga cikin 38. Kofi kan shiga gidan ɗan wasa ko da rabin kakar a benci ya yi ta. Don haka in kofuna ne kaɗai, da sunan Finidi ma yana tashi a Gusau kamar na Kanu, ga shi kuwa sai tsofaffin 'yan kallo ke tuna shi.

Asalin maganar tana daren Laraba, 31 ga Yulin 1996.

Wanda bai rayu a lokacin ba zai yi wuya ya gane halin da ƙasa take ciki. Mulkin Janar Sani Abacha ne. A Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Najeriya, Nelson Mandela ya fito ya yi Allah wadai. Sakamakon wannan tsamin dangantaka, gwamnati ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofin Afirka da suka ɗauko a Tunisiya a 1994, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta hukunta mu, aka hana mu gasar 1998. Wato tawaga mafi ƙarfi da ƙasar nan ta taɓa tarawa aka ɗaure mata ƙafa har gasa biyu. Abiola yana tsare, Shehu Musa 'Yar'aduwa yana kurkuku. In ka kunna rediyo da asuba ka ji an ambaci Najeriya, to da wuya ka ji alheri. Gusau kuma a lokacin ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato. Sai 1 ga Oktoban shekarar aka yanke mana Zamfara. Har yau akwai waɗanda in za su ba ka labarin wani abu sai su ce "shekarar da anka ba mu jiha, shekarar da Kanu yac ci Birazil", kamar abu ɗaya ne.

Ina yaro a lokacin. Damina ce, ƙasa a jiƙe, sauro na cizo, an fito da talabijin ɗin maƙwabcinmu ƙofar gida, eriya a ɗaure a kan doguwar gora, ga batirin mota a gefe ko da za a ɗauke wuta. Wasan kusa da na ƙarshe ne na Olamfik tsakanin Najeriya da Birazil, a garin Athens na jihar Georgia a Amurka, kuma dare ya yi nisa a nan. Birazil su ne zakarun duniya na 1994. Gasar Olamfik ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, amma ana barin kowace ƙasa ta sako manya uku, ga su nan kuwa: Bebeto, Aldair, Rivaldo, sannan ga Roberto Carlos, ga Ronaldo yana tashen ƙuruciya, Dida a raga, Mario Zagallo a benci. Sun riga sun ci mu 1-0 a wasan rukuni. Ko zama ba mu gama yi ba Flavio Conceicao ya zura ta farko. Roberto Carlos ya ci gidansu aka yi 1-1, Bebeto ya ƙara, Conceicao ya sake ƙarawa. Aka tafi hutu 3-1. Rabin mutanen da ke kan tabarma suka naɗe buzunsu suka shige gida, saboda akwai sallar asuba, akwai gona.

Saura minti 12 Victor Ikpeba ya farke ɗaya. A minti na 90 Jay-Jay Okocha ya yi doguwar jifa daga gefe, aka yi turmutsutsu a gaban raga, ƙwallon ta faɗo gaban Kanu ya ba wa raga baya. Ɗan wasa na yau da kullum in ya samu irin wannan sai ya rufe ido ya yi ta duka. Shi kuwa sai ya ɗaga ta sama da kan takalmi, ya juya, ya buga ta kafin ta sauka. 3-3. Minti huɗu da shiga ƙarin lokaci aka dogo wata ƙwallo, ta bugi bayan Ikpeba ta dawo gaban Kanu, ya yi kamar zai buga, ɗan baya ya zube, ya gyara ta zuwa ƙafar hagu ya aika ta raga. Saura kwana ɗaya ya cika shekara 20, bisa takardunsa, shi ne kuma kyaftin.

Akwai abin da yaran yanzu ba za su lura da shi ba a hoton bidiyon. A wancan zamani ana amfani da dokar ƙwallon zinare: in aka shiga ƙarin lokaci, duk wanda ya fara ci, nan take alƙalin wasa zai hure usur. An soke dokar a 2004. A yau in ka ci a minti na 94, wato cikin ƙarin lokaci, akwai sauran minti 26 na zullumi, wani ma zai iya ƙarawa, a raba yabon. A daren nan kuwa wasan a ƙafar mutum ɗaya ya ƙare. Ƙwallon na shiga, babu sauran Birazil. Doka ce ta miƙa wa Kanu daren gaba ɗaya, shi kaɗai. Ihun da ya tashi a unguwarmu shi ya tayar da waɗanda suka kwanta, wasu suka fito da sanda suna zaton ɓarawo aka kama.

Ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik. Kanu bai ci ko ɗaya ba a ranar. Celestine Babayaro da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike ne suka ci, ta Amunike ma a minti na ƙarshe. In adalci za a yi, ƙwallon Amunike ce ta kawo zinare. Amma tambayi duk wanda ya haura arba'in a Gusau, zai ce maka Kanu ne. A zukatan mutane an riga an ci gasar tun ranar Laraba, Asabar zuwa karɓo kaya ce kawai. Kuma a tawagar nan akwai 'yan gida: Garba Lawal da Tijjani Babangida, ga Amokachi da Babayaro waɗanda duk haihuwar Kaduna ne. Lambar zinare iri ɗaya aka rataya musu. Duk da haka yaran Arewa sunan ɗan Owerri suka riƙa rubutawa da gawayi a bayan singileti, da lamba 4.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama kamar na 'yan wasa da yawa masu dare ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ya mayar da shi labarin da ake ba yara. Makonni kaɗan bayan gasar Olamfik ɗin ta Atlanta, ya koma sabuwar ƙungiyarsa Inter Milan, likitoci suka duba shi, suka gano bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa ba ya rufuwa daidai. Aka ce zai yi wuya ya sake buga ƙwallo. Mutumin da ba da daɗewa ba ya durƙusar da Birazil, ga shi ana zancen ko zai rayu. Ga 'yan Najeriya wannan ba zancen wasa ba ne, domin ba a manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Bayan shekaru kuma, a 2003, duniya ta ga Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a Lyon. Bambancin Kanu da su shi ne an gano nasa a ɗakin likita, ba a tsakiyar fili ba. A Nuwamban 1996 aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka. A Afrilun 1997 ya koma Milan.

Bahaushe yana son labarin da ƙaddara ta fito fili a cikinsa, wanda aka yanke ƙauna da shi kuma Allah ya tashi kafaɗarsa. Na ji tsofaffin matan da ba su san bambancin fanareti da kwana ba suna cewa "yaron nan mai ciwon zuciya". Daga lokacin duk ƙwallon da ya ci, ana lissafa ta da riba. Duk gudun da bai yi ba kuma, ana yi masa uzuri.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne kashin bayan maganar a nan Arewa. Arsene Wenger ya sayo shi daga Inter a Fabrairun 1999 kan fam miliyan 4 da 'yan kai, ciniki mai kasada, don mutumin ya kusan shekara uku bai buga wasa a jere ba. Wasansa na farko ma da rigima ya fara. A kofin FA da Sheffield United, an fitar da ƙwallo waje don a duba ɗan wasan da ya ji rauni, Ray Parlour ya jefa ta don a mayar wa masu ita kamar yadda aka saba, Kanu sabon zuwa bai fahimci abin da ake ciki ba, ya ɗauka ya ruga ya ba Marc Overmars ya ci. Wenger da kansa ya nemi a sake wasan, aka sake, Arsenal ta sake ci 2-1. Bayan wata biyu ya ci Middlesbrough wata ƙwallo da dunduniya. Sai ranar 23 ga Oktoban 1999 a filin Chelsea: an ci Arsenal 2-0, ana ruwa, saura minti 15. Ya ci ta farko, ya ci ta biyu. Ta uku ita ce har yau ake gardama a kanta: ya tare ƙwallo a gefen hagu, gola Ed de Goey ya fito ya tare shi a bakin layin kwana, ya yanke shi, daga wurin da kowa ke jiran ya miƙa wa wani, sai ya lanƙwasa ta ta saman Marcel Desailly da Frank Leboeuf, mutum biyu da suka ɗauki kofin duniya da Faransa shekara guda kafin nan. An sake maimaita daren Birazil ke nan, an ci mu da biyu, lokaci ya ƙure, dogon nan ya warware.

Daidai waɗannan shekaru ne gidajen kallo suka fara yaɗuwa a garuruwanmu. Kafin nan ƙwallon Turai a rediyo muke jin sakamakonta, ko a ga guntun hoto bayan mako guda. Sai ga rumfar kwano, benci a jere, faranti a kan rufi, janareta a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Ka biya naira 20 ka zauna. Yaron da ya shiga rumfar nan a karon farko, bai san Landan ba, bai san Manchester ba, dole ya zaɓi ɓangare, sai ya nemi fuskar da ya sani. Ga Kanu sanye da ja da fari, lamba 25. Haka Arsenal ta samu dubban magoya baya a ƙasar Zamfara da Kabi ba ta kashe ko sisi ba. Shi ya sa a Gusau kusan kana iya gane shekarun mutum daga ƙungiyarsa. Masu furfura a gemu da yawansu 'yan Arsenal ne. Na bayansu, waɗanda suka buɗe ido a zamanin Drogba da Essien da Mikel Obi, 'yan Chelsea ne. Kanu ya bar Arsenal a 2004, ƙungiyar ta shafe sama da shekara 20 ba ta sake ɗaga kofin Firimiya ba, mutanen nan suka sha gori har ya zame musu jiki, amma ba su sauya sheƙa ba. Suka kuma haifi 'ya'ya. Ɗan yayata da ya yi tambayar, rigar Saka ce a jikinsa ranar. Mahaifinsa ne ya saya masa, kuma na san daren da mahaifin ya zama ɗan Arsenal, don a kan benci ɗaya muke zaune.

Game da salon wasansa kuwa, ana cewa dogo da hankali dace ne. Tsawonsa ya kusa mita biyu, siriri, ƙafa kamar ta raƙumi, in yana tafiya sai ka ce bai karya ba. Mai irin wannan jiki a Ingila aikinsa ɗaya, a dogo masa ƙwallo ya sa kai. Kanu kuwa da tafin ƙafa yake wasa. Yana taka ƙwallo ya ja ta baya, ya tsaya cak a inda kowa ke gaggawa, ya jira ɗan baya ya miƙa ƙafa tukuna. A Ajax ya koyi karɓa da miƙawa cikin ƙunci, a titin Owerri ya koyi rainin wayo. A Super Eagles galibi ba a gaba can yake tsayawa ba, a bayan masu ci yake, shi ke buɗe musu ƙofa. Lissafin da ke cikin waya yana ƙirga wanda ya zura, wani lokaci da wanda ya miƙa ta ƙarshe. Ba ya ƙirga wanda ya ja mutum biyu zuwa gefe har hanya ta buɗe. Wannan ba zai goge cewa ƙwallayensa sun yi kaɗan ba. Ɗan wasan gaba da ya je kofin Afirka sau shida ya kamata a ce ko ta kuskure ɗaya ta shiga.

Akwai ma babban tabo. Ranar 13 ga Fabrairun 2000, a Legas, wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kamaru. Babangida ne ya kai mu can da ƙwallaye biyu da ya ci Afirka ta Kudu. Eto'o da Mboma suka ci, Raphael Chukwu da Okocha suka farke, aka tafi bugun fanareti. Kanu, gwarzon Afirka na lokacin, ya buga gola ya tare. Ta Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta faɗa bayan layi, alƙalin wasa bai gani ba, Rigobert Song ya ci tasa, kofi ya tafi Yawunde. Yau in aka tuna ranar, zancen Ikpeba da alƙali ake yi, ba mai ambaton cewa Kanu ne ya fara ɓarar da tasa. A 2004 yana West Brom ya ɗaga wata ƙwallo ta saman raga daga tazarar da ba ta fi taku ɗaya ba, a wasa da Middlesbrough; an yi dariya an wuce. Yakubu ya yi irin wannan kuskure a Durban a 2010 a wasa da Koriya ta Kudu, har yau in yaro ya zubar da ƙwallo a filin makarantar firamare sai ka ji an kira sunansa. Mutane ba sa auna kuskure da sikeli ɗaya. Wanda ya taɓa fitar da su kunya a daren da suka cire rai, bashinsa suke ci, kuma sun daɗe suna biya.

Ƙarshen wasansa ya zo da wani ɗan armashi da bai kamata a tsallake ba. Bayan West Brom ta faɗi daga Firimiya a 2006, ana ganin ya ƙare, Harry Redknapp ya ɗauke shi zuwa Portsmouth kyauta. A 2008 shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, a ragar tsohuwar ƙungiyarsa West Brom, shi ya sake cin ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Cardiff a Wembley. Rabon Portsmouth da kofin tun 1939. Wannan kam babu wanda zai ce a bayan wani ya tsaya. Daga nan bashi ya durƙusar da ƙungiyar, ta yi ta gangarawa, shi ma ya gangara tare da ita har 2012.

Abin da ke faruwa da suna bayan an ajiye takalmi wani fage ne daban, kuma a nan 'yan wasanmu da yawa suke ɓacewa. Yekini, mai ƙwallo 37, wanda ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a 1994, ya ƙare rayuwarsa a keɓe a Ibadan, ya rasu a 2012, sai bayan rasuwarsa aka tuna ana binsa godiya. Kanu bai bari an manta da fuskarsa ba. A 2000, yana tsakiyar tashensa, ya kafa gidauniyar kula da masu ciwon zuciya, wadda ta ɗauki nauyin yi wa ɗaruruwan yara aiki, da yawansu a ƙasashen waje irin su Indiya. Duk wanda ya taɓa ganin uba yana yawo da takardar asibiti daga masallaci zuwa masallaci bayan sallar Juma'a, an ce ɗansa na da huji a zuciya kuma kuɗin aikin ya fi ƙarfin dangi gaba ɗaya, ya san nauyin wannan aiki. Shi kansa an sake yi masa aikin zuciya a 2014. Sannan ga tallar madarar Peak da ta yi shekaru tana yawo a talabijin, wadda ta shigar da laƙabinsa na Papilo gidajen da ba a kallon ƙwallo. A 2023 gwamnan Abiya Alex Otti ya naɗa shi shugaban Enyimba, kujerar da ba ta san tsohon suna ba, in an ci ka a gida magoya baya za su zage ka ko kai wane ne.

Ana yawan haɗa shi da Okocha, kuma a nan nake ganin inda lokaci zai iya juya wa Kanu baya. Okocha bai taɓa zama gwarzon Afirka na hukumar CAF ba, bai ɗauki wani babban kofi a Turai ba, Bolton ce ƙungiyar da ya fi daɗewa a Ingila. Amma wasansa ya dace da waya. Yanka ɗaya, daƙiƙa goma, yaro ya gani ya tura wa abokinsa, ba ya buƙatar sanin da wa ake wasa ko nawa-nawa ake. Ƙwallon da ya ci Oliver Kahn a 1993 yana Frankfurt ba ta neman mai fassara. Na Kanu kuwa sai da labari. Sai ka san an ci mu 3-1, ka san su wane ne a ɗaya ɓangaren, ka san an hana mu kofin Afirka, ka san mutane sun tafi sun kwanta. In ka cire wannan duka, abin da ya rage shi ne wani dogon yaro ya juya ya buga ƙwallo daga taku uku. Masu riƙe da labarin kuma mu ne, mun haura arba'in, wasunmu sun fara daina zuwa gidan kallo, wasu saboda hidimar iyali, wasu saboda yanayin tsaro ya sa fitar dare ta zama abin lissafi. Har sunan ma ya samu mai raba shi: yau in ka ce "Kanu" a majalisa, sai wani ya tambaye ka wanne, na ƙwallo ko na Biyafara. A 1996 babu mai wannan tambaya. Wasu yaran ma a lokacin sun ɗauka ɗan Kano ne.

Da muka dawo gida a daren, bayan sallar isha'i, na sa ɗan yayata ya nemo wasan Birazil a wayarsa. Na ba shi labarin Abacha da Mandela, da batirin mota, da waɗanda suka fito da sanda. Ya saurara, don yaro ne mai ladabi. Hoton ya dusashe, kamar ta cikin hazo ake kallo. Ya kalli ƙwallo ta uku sau biyu, ya kalli ta huɗu, ya ɗan yi shiru.

"Ta ƙarshen ga ta yi kyau, Kawu. Amma wagga ta ukku, ai golan ne bai iya ba."

Na ce masa Dida ne fa, wanda ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau biyu da AC Milan.

Ya ce, "Wane ne Dida?"